Yadda Za Ka Haɗa Gwaninta Biyu ko Uku Har a Rasa Kamarka a Layinku

Leƙa kowane layin teloli a Kano ana saura sati uku Sallah. Shaguna ne a jere, kowa ya sunkuyar da kai kan keke, yadi ya taru har rufi. A cikinsu akwai wanda ya fi kowa hannu, duk layin an san shi, amma ba lalle ne a ce shi ya fi kowa samu ba. Sau da yawa mai samun shi ne na uku ko na huɗu a iya ɗinki, sai dai ya san yadi kamar ɗan Kantin Kwari, ya iya ɗaukar hoton aikinsa da waya, kuma yana da littafin da ke gaya masa ranar da zai ba kowa kayansa. Ko ɗaya cikin ukun nan bai fi kowa ba. Haɗuwarsu a hannun mutum ɗaya ce ta yi wuya, ita ce kuma ake biya.

Mu Hausawa ba baƙin wannan dabara ba ne. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, fatoman da ke zango shi ne mai ba fatake masauki, shi ke adana musu kaya, yana jin harshen mutanen gari, ya san mai saye na gaskiya, ya tsaya wa baƙo idan an ba da bashi, sannan ya karɓi la'adarsa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da goro ya fara. Ya san hanya, ya san mutane, ya san yadda ake ba wakilai jari su shiga ƙauyuka, shi ya sa da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya tarar da ita da shirinsa. Abin da zan shimfiɗa a nan tsohuwar hanyar ce, na dai jera ta mataki-mataki. Zan riƙe tela a matsayin babban misali don na fi sanin harkar, amma ma'aikacin ofis da ɗalibi da mai gyaran waya a Farm Centre duk za su ga kansu a ciki.

Mataki na 1: Tabbatar kana da ginshiƙi

Kafin a yi maganar ƙari, sai an sami abin da za a ƙara wa, wato ginshiƙi, babbar sana'ar da ka iya. In kana da kyau ka ƙara da wanka, to kyan shi ne farko. Gwajin mai sauƙi ne: akwai mutanen da ba danginka ba, ba abokanka ba, da suka biya ka kuɗi don wannan aikin, kuma suka sake dawowa? In amsar a'a ce, tsaya nan, koma wurin maigidanka ka ƙarasa koyo. Telan da wuyan rigarsa ke karkacewa, in ya koyi hoto da talla, abin da zai yi kawai shi ne yaɗa karkataccen wuya ga mutane dubu maimakon goma.

Ga waɗanda suka gama jami'a ko kwaleji, ina roƙonku kada ku rubuta sunan digiri a matsayin ginshiƙi. Ku rubuta abin da za ku iya yi gobe da safe wani ya biya: haɗa lissafin shago na wata, auna fili, koyar da lissafi ga 'yan aji uku, gano cutar da ta kama tumatir.

Mataki na 2: Ƙirga abin da ke hannunka tuni

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka iya, har wanda kake ganin ba komai ba ne. A nan mutane suka fi cutar kansu. Wani yana jin Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci tun yana yaro, bai taɓa lissafa shi cikin jarinsa ba. Wata ta yi shekara biyar tana riƙe wa matan unguwa adashi, ko sisi bai taɓa ɓata ba, amma in ka tambaye ta sai ta ce ba ta iya lissafi ba. Wani ya taso a rumfar mahaifinsa, da taɓawa ɗaya yake bambance shadda mai kyau da wadda aka cika wa sitaci. Wani rubutunsa na ajami ya fi na boko kyau, ga tsofaffin 'yan kasuwa da ba sa karanta boko.

In ka gama, tambayi mutum uku da suka san ka: me aka fi zuwa wurina a kai? Amsarsu ta fi taka daidai, domin abin da ya zame maka jiki ba ka ganinsa.

Mataki na 3: Bi sawun mai ciniki daga gidansa har ya koma

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Mutane kan zaɓi abin da za su koya daga abin da ake yayi. An ji ana cewa harkar kwamfuta ce ke ci, sai kowa ya nufi can, ko da ba ta da mahaɗi da abin da yake yi. Hanyar da ta fi ita ce ka zauna ka bi mai cinikinka taki-taki, tun kafin ya zo wurinka har bayan ya tafi.

Mu ɗauki magidanci mai son yi wa kansa da yaransa huɗu ɗinkin Sallah. Da farko zai je kasuwa sayen yadi, yana fargabar a sayar masa da jabu, bai kuma san yadi nawa zai ishi kowane yaro ba. Sai zaɓen salo: yana da hoto a ransa amma ya kasa kwatanta shi. Sai awo, ga yaro ɗaya yana makarantar kwana. Sai ciniki da kafin alƙalami. Sai jira, da zarya, da "dawo jibi". Sai ranar karɓa, wani wando ya yi gajere, an kuma musanya hular wani da ta wani. In yana Abuja ko Legas, ga matsalar aiko da kaya ta tasha.

Dubi jerin nan da kyau. Ɗinkin kansa wuri ɗaya ne cikin bakwai ko takwas, sauran duk wahala ce da mai kaya ke sha, wadda kuma yawancin teloli ke ɗauka ba ruwansu da ita. Kowace wahala a nan ƙofa ce. Fargabar jabu tana kiran sanin yadi. Kasa kwatanta salo yana kiran hoto ko zane. Zarya da musanya kaya suna kiran tsari da rubutu. Nisa yana kiran iya mu'amala ta waya da sanin direbobin tasha masu amana.

Yi haka da taka sana'ar. Sati biyu ka ajiye ƙaramin littafi, duk ƙorafin da ka ji daga bakin mai ciniki ka rubuta, ko da ba da kai yake ba, ko da maƙwabcinka yake zagi. Ƙorafin da ya maimaitu sau uku ko huɗu ka ja masa layi. Ni a ganina babu wani kwas da zai nuna maka abin da ya kamata ka koya kamar wannan ɗan littafin.

Mataki na 4: Zaɓi abu ɗaya tak

An ce sana'a goma maganin mai gasa, an kuma ce taura biyu ba ta taunuwa, duka biyun gaskiya ne. Sana'o'in za su taru, amma ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin abubuwan da ka ja wa layi, auna kowanne da tambaya uku. Shin mai cinikin da nake da shi yanzu ne zai amfana, ko sai na nemo wasu sababbi? Shin mutum nawa ne a layinmu suka haɗa wannan da ginshiƙi irin nawa? Shin zan iya kai wa matakin amfani cikin wata uku zuwa shida ba tare da na rufe shago ba?

Tambayar farko ita ce mai raba gardama. Tela mai sayar da katin waya da kiwon kaji sana'a uku yake yi, kowacce tana cin lokacin 'yar'uwarta. Tela mai sanin yadi da hoto sana'a ɗaya yake yi mai ƙafa uku.

Ga wasu haɗe-haɗen da suka ci gwajin. Mai aikin wayarin gida da ya koyi lissafin sola: ya san cewa batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da kimanin wat 2,400 na awa ɗaya, ya san in irin batir mai ruwa ne ba a so a sha fiye da rabinsa, don haka tun kafin a kashe kuɗi zai gaya wa maigida da Hausa tsantsa cewa wannan batirin zai ɗauki fanka da fitilu da cajin waya, amma ba zai kwana da firji da dutsen guga ba. Masu ɗaura faifan sola suna da yawa. Mai iya wannan bayanin ya kuma yi gaskiya a cikinsa, shi ake kira wa ɗan'uwa. Haka wanda ya karanta aikin gona, ya san hatsi, ya zauna a Dawanau ya koyi awo da ciniki, sannan ya ƙara Faransanci daidai karanta takarda da lissafin sefa: tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi ba zai rasa mai nemansa ba. Haka ma'aikaciyar jinya da ta iya tsara bayanin lafiya da Hausar da kaka za ta gane, ta kuma iya naɗar murya mai tsabta a waya.

Mataki na 5: Sa wa koyon iyaka

Gwaninta ta biyu ba sai ka ƙure ta ba. Abin da kake nema shi ne matakin da za ta yi wa ginshiƙi hidima. Rubuta wannan matakin da jimla ɗaya kafin ka fara, misali: "Zan iya ɗaukar hoton riga launinta ya fito yadda yake a ido." In ka kai nan, ka isa.

Tunda hoto na ambata, ga abin da tela ke bukata, kuma bai wuce wannan ba. Goge gilashin kyamarar waya da ƙyalle mai laushi kafin kowane hoto. Goge rigar, ka cire zaren da ke reto. Rataye ta a bango marar ado, fari ko ruwan toka, kusa da ƙofa inda hasken rana ke shigowa ba tare da rana ta dake ta ba. Da hantsi ko bayan La'asar ya fi. Kashe filasha, domin tana sa shadda ƙyalli har launi ya ɓace. Ɗauki uku: rigar gaba ɗaya, aikin wuya daga kusa, da cikin ɗinki inda aka kalmashe, don masu sanin kaya can suke duba. Kada ka sa wa hoto kwalliyar da ke canza launi. Ranar da mai kaya ya ga shuɗin ya bambanta da na waya, amana ta tafi. Kuma kada ka sa hoton kowa sanye da kaya sai da izininsa, musamman matan aure da 'yan mata. Wannan ba wurin sakaci ba ne.

Littafi kuwa, shafi ɗaya ga kowane mai kaya: suna, lambar waya, awo, irin yadi da yawansa, kuɗin da aka yi, kafin alƙalami, ciko, ranar karɓa. Yanki ɗan ƙyallen yadin ka manna a shafin, musanya kaya ta ƙare ke nan. A bayan littafin ka ware shafin shiga da fita: zare, mai na janareta, kuɗin yara, haya. Mai wayar zamani zai iya mayar da wannan cikin manhajar lissafi ta Google Sheets daga baya, amma a fara da biro. Wanda bai saba rubutawa a takarda ba, ba zai rubuta a waya ba.

Ka yanka wa koyon lokaci tsayayye, minti 45 bayan Asuba ko bayan Isha, kwana biyar a sati. Kada ka fara a watan Azumi in kai tela ne; fara bayan Babbar Sallah lokacin da aiki ya lafa.

Mataki na 6: Nemi inda za ka koya

Na fi son koyo daga mutum, kuma mafi arhar hanya ita ce musaya. Akwai yaro a unguwarku da ya iya hoto amma ba shi da kaftani mai kyau. Akwai dattijo a Kwari da zai bar ka ka zauna a rumfarsa ranar Asabar kana miƙo yadi kana sauraro, in ka je da ladabi ka ce, "Baba, so nake in koyi sanin kaya a hannunku." Zuwa da kai ya fi saƙo.

Bayan haka akwai hukumomi. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, yana da shirye-shiryen koyon sana'a, haka hukumar samar da aikin yi ta NDE. Mai yi wa ƙasa hidima yana da shirin koyon sana'a na SAED tun daga sansani, kuma abin takaici ne yadda da yawa ke ɗaukarsa lokacin barci. Ga mai son fannin kwamfuta akwai shirin horarwa na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Mai aikin hannu da ke son takarda zai iya zama jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, wadda ke da amfani in za a nemi aikin kamfani ko na gwamnati. YouTube ma makaranta ce, da sharaɗi ɗaya: duk bidiyon da ka kalla ka gwada abin da ke ciki a ranar, kafin ka buɗe na gaba.

Ka yi hattara da masu tallar kwas da alkawarin miliyoyi cikin sati biyu. Tambaye su aikin da ɗalibansu suka yi, ka gani da idonka.

Mataki na 7: Haɗa su a aiki ɗaya na gaske

Gwaninta biyu da ke zaune daban-daban a kanka ba su zama haɗi ba tukuna. Sai ranar da mutum ɗaya ya biya kuɗi ɗaya ya sami duka biyun. Don haka nemi aiki guda da zai tilasta maka amfani da su tare.

Ga tela, ankon biki ya fi komai dacewa. Ka ce wa ango ko uwar biki: ni zan je Kwari in zaɓo yadi iri uku, in turo hotonsu cikin hasken rana, ku zaɓa. Kowa ya turo awonsa ta WhatsApp bisa hoton da zan tura mai nuna inda ake aunawa. Zan rubuta wanda ya biya da wanda bai biya ba, in sa wa kowace leda suna, na nesa in kai musu tasha in turo lambar direba. Ka ga an sauke wa mai biki kaya mai nauyi, irin wanda ke haddasa faɗa tsakanin abokai.

A nan ne kuɗi ke canzawa, kuma a nan ne da yawa ke jin kunya. Kada ka yi sabon aikin kyauta a matsayin gyara. A ce kuɗin ɗinkin kaftani a wurinka naira 10,000 ne, mutum 20 ke nan 200,000. Zuwa kasuwa, tattara awo, bin bashi da kai kaya tasha sun ci maka kwana biyu ko uku da za ka yi kan keke. Lissafa abin da kake samu a rana, ka ƙara kuɗin mota da data, ka raba wa mutum 20, ka faɗa tun farko a fili. In kuma mai yadi zai ba ka la'ada, mai biki ya sani. Ribar ɓoye a kan yadi takan fito fili, kuma ranar da ta fito ba mutum ɗaya ka rasa ba, ashirin ne.

Aikin farko zai zo da kuskure. Wani zai auna kansa ba daidai ba, wani direba zai makara. Rubuta kowanne, ka gyara tsarin: misali ka riƙa neman kowa ya turo tsayin wata rigarsa da ta yi masa daidai, don ka gwada da awon da ya bayar.

Mataki na 8: Sanar da mutane da jimla ɗaya

In aka tambaye ka me kake yi, "ni tela ne" ta jefa ka cikin dubu. Ka ce, "Ina yi wa masu biki anko tun daga sayen yadi har kai wa kowa nasa." Wannan jimlar ce mutane za su ɗauka su kai wa wasu, don haka ta zama gajera, ta kuma ambaci wahalar da kake ɗaukewa. Sa ta a bayanin WhatsApp Business ɗinka, ka jera hotunan aikinka a kundin kayan da manhajar ke da shi, gani ya kori ji. In aiki ya fara zuwa daga makarantu ko kamfanoni masu son kayan ma'aikata, yi wa sunan kasuwancinka rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, domin da ita za ka buɗe asusun banki da sunan shago, su kuma irin waɗannan wuraren sun fi sakin jiki su biya ta nan.

Ma'aikacin albashi kuma, naka tallan a cikin ofis yake. In kai akawu ne ka koyi tsara alƙaluma su zama zane mai sauƙin fahimta, kada ka jira a tambaye ka. Ɗauki rahoton watan nan ka yi shi ta sabuwar hanya, ka kai wa shugabanka tare da tsohon salon, ka ce, "Ranka ya daɗe, na gwada wannan ne ko zai fi sauƙin dubawa." A takardar neman aiki ma ka rubuta abin da haɗin ya haifar, da wurin da aka yi amfani da shi, maimakon jera sunayen kwasa-kwasai.

Mataki na 9: Tsare ginshiƙi, sannan ka duba na uku

Haɗarin da ke gaba shi ne sabon abu ya fi tsohon daɗi. Hoto da hira a waya sun fi zaman keke sauƙi, sai ka wayi gari kana awa huɗu kan waya, yara ne ke yanka, hannunka ya fara sanyi. Ƙayyade wa waya lokaci, sau biyu ko uku a rana, saura na keke ne. Yanka da aikin wuya su zauna a hannunka. Abin da ka riga ka tsara, kamar ɗaukar hoto da manna ƙyalle a littafi, koya wa yaron shago mai natsuwa. Tunda ka iya da kanka, ba zai yi maka aikin banza ka kasa ganewa ba.

Bayan kowace Sallah, ko duk wata shida in sana'arka ba ta bin Sallah, buɗe littafin ka duba abu uku: mutum nawa ne suka zo ta dalilin sabuwar gwanintar, nawa suka biya in an gwada da masu zuwa da yadinsu a hannu, da kuma ko an sami ƙarin kayan da aka dawo da su gyara. In na ukun ya ƙaru, dakatar da karɓar sabon anko har ɗinki ya dawo daidai. In na farko da na biyu sun tashi na uku bai motsa ba, ɗauko ɗan littafin ƙorafi na mataki na 3, ka sake sati biyu kana sauraro, ka ja wa abu na gaba layi.